Mai fistin ko mai bututun hayaƙi: wacce ya kamata in saya?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema ga waɗanda suka san harkar bindiga a nan Amurka. Shekara biyu ke nan ina bin wani abokin aikina filin harbi a bayan garin Dallas, wani lokaci in ari tasa, wani lokaci in yi haya a wurin. Bana Allah Ya yi na zama ɗan ƙasa, na kuma gama kwas ɗin koyon farauta da jihar Texas ke nema kafin mutum ya shiga daji. Yanzu ina so in mallaki tawa, irin wadda take ɗora wa kanta harsashi, ja ɗaya harbi ɗaya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne zancen fistin. Mai shago ya ce in ina son wadda ba za ta ba ni ciwon kai ba, in ɗauki mai fistin, don ba ta yin datti a ciki. Abokina kuma ya ce asarar kuɗi ce, AR-15 ta gama-gari ta ishe ni har tsufa. Abin da na ware dala 2,000 ne, kuma a ciki nake so in sayi madubin saiti. Harbin allo zan riƙa yi a ƙarshen mako, sannan ina so in gwada farautar barewa in kaka ta yi. Wa zai warware min?

Injiniya Detroit:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane shi ba mai shagon da zai juya ka.

Duka biyun da hayaƙin albarushi suke aiki. A jikin bututun bindiga akwai wata 'yar huda. Harsashi na wuce ta, sai wani ɓangare na hayaƙin da ke tura shi ya bi ta nan ya fita. Da ƙarfinsa ake buɗe sakata, a fitar da kwanso, a ɗoro sabon harsashi. Bambancin kawai shi ne inda hayaƙin yake yin aikinsa.

A AR-15, ƙirar Eugene Stoner ta wajen ƙarshen shekarun 1950 a kamfanin ArmaLite, wani siririn bututu ne yake kwaso hayaƙin ya kawo shi baya har cikin gidan sakata. A can yake kumbura ya tura gidan baya. In ka zaro sakatar za ka ga zobba uku a wutsiyarta, kamar ringin fistin na mota. Wato ita ma tana da fistin, sai dai a cikin cikinta yake. Amfanin haka shi ne turawar tana tafiya a layi ɗaya da bututu, ba wani ƙarfe mai nauyi da ke kai-komo a samansa. Illarsa, zafi da baƙin toka suna taruwa daidai inda sassa ke gogar juna.

A mai fistin kuwa, hayaƙin a gaba yake tsayawa. Yana dukan fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta tura gidan sakata. Iri biyu ne. Akwai mai doguwar tafiya, inda fistin yake haɗe da gidan sakata suna zuwa baya tare har ƙarshe: AK ke nan, da M1 Garand, da Tavor ta Isra'ila. Akwai mai gajeriyar tafiya, inda fistin yake motsi kaɗan, ya buga ya tsaya: FAL, SKS, AR-18, HK416, SCAR, da MCX ta SIG.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, cikinta yana zama da tsabta da sanyi. Amma dattin bai ɓace ba, gaba ya koma, ƙarƙashin inda kake riƙewa da hannu.

Baban Ilham:
Allah Ya ƙara basira Injiniya. Ashe shi ya sa duk sanda na taya abokina wanke tasa sai na ga baƙi ya manne a wutsiyar sakata kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Ɗan Agadez:
Ni dai a sanina ba wani dogon zance. Duk duniya an san AK ba ta cijewa, kuma fistin gare ta. M16 kuwa, wato AR-15 ta soja, ta kashe sojojin Amurka a Biyetnam saboda sarƙewa. Ka sayi mai fistin ka huta.

Baba Saje:
Ɗana Ɗan Agadez, tsaya in gaya maka abin da na gani da idona, ba labari ba. Na yi shekara ashirin da biyu ina sanye da kaki a gida, na riƙe FN, na riƙe G3, na riƙe AK, har Laberiya na je da ECOMOG. FN ɗin nan da kuke kira FAL, ta Beljiyam, fistin gare ta, har masana'antar DICON ta Kaduna ta ƙera irinta. Bindiga ce mai kyau, harsashinta 7.62 babba, in ta bugi abu ta buge shi. Tana da wani zobe a gaba da kake murzawa ka ƙara mata hayaƙi ko ka rage. To amma in hunturu ya kankama, ƙura ta shiga cikinta, ka kuma cika mata mai, sai ƙurar ta kwaɓe da man ta zama kamar kunu. A nan za ka ga mai fistin ta tsaya cak. Sojojin Isra'ila ma sun yi kuka da ita a cikin yashi, yana daga cikin dalilan da suka sa suka koma Galil, wadda ta ɗauko tsarin AK. Turawan Ingila kuwa sai da suka tsattsaga gidan sakatar tasu don yashi ya samu wurin zama.

G3 ba ta da fistin, ba ta ma amfani da hayaƙi ta wannan hanya ko kaɗan, kuma ta yi mana aiki shekara da shekaru.

Juriyar AK ba daga fistin kaɗai take ba. Sassanta suna da sarari a tsakaninsu, in ka girgiza ta za ka ji tana ƙara. Gidan sakatarta nauyi gare shi. Kwanson harsashinta tsukakke ne ta gaba, ga shi da saurin shiga da fita. Magazin ɗinta kuma ƙarfe ne mai kauri, ba ya lanƙwashewa don ya faɗi ƙasa. Ka ɗauki fistin ka saka a bindigar da aka matse sassanta, ba ta zama AK ba.

Ɗan Agadez:
Na karɓa Baba. Amma zancen Biyetnam fa? Ai ba ƙirƙira na yi ba.

Injiniya Detroit:
Ba ka ƙirƙira ba, ya faru, kuma an yi asarar rayuka. Majalisar wakilan Amurka ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord a 1967. Abin da ya fito fili: an canza irin albarushin da ke cikin harsashin zuwa wani wanda ya fi datti, ya kuma sa bindigar saurin bugawa fiye da yadda aka tsara ta. Ba a shafe ramin harsashi da kurom ba, sai tsatsa ta ci shi a damshin dajin can, kwanso ya riƙa maƙalewa. Sannan aka raba wa sojoji ita ba isassun kayan wankewa, wasu har an ce musu ba ta bukatar wanki. Da aka gyara waɗannan a M16A1, matsalar ta ragu ƙwarai, ba tare da an saka mata fistin ba. Har yau jikarta M4 tana hannun yawancin sojojin Amurka.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni na riƙe M4 a Iraƙi, wata goma sha biyar. Ƙurar can kamar garin fulawa take, ko ka rufe baki sai ka ji ta a haƙori. Abin da na koya shi ne M4 tana son mai. Da datti da mai za ta yi aiki, a bushe ne take ba ka kunya. Yawancin cijewar da na gani a rundunarmu tsohon magazin ne ya jawo, wanda leɓensa ya buɗe ko sifirinsa ya gaji.

Amma don a yi adalci wa masu fistin: a ƙarshen 2007 rundunar sojan ƙasa ta yi gwajin ƙura a Aberdeen, jihar Maryland. Kowane iri bindiga goma, kowace ta harba harsashi 6,000. M4 ta tsaya sau 882, HK416 sau 233, SCAR sau 226, XM8 sau 127. Ukun nan duk masu fistin ne. An yi ta gardama a kan gwajin, don a wani da aka yi watanni kaɗan kafinsa M4 ɗin sau 307 ta tsaya, amma dai tazarar tana nan. Kuma ba a banza Norway ta ɗauki HK416 ba, Faransa ma ta zaɓe ta a 2016 ta maye gurbin FAMAS, sojojin Marin na Amurka suna riƙe da ita da sunan M27. Sabuwar da sojan ƙasa ya zaɓa a 2022 daga SIG ita ma fistin ce.

Tambayata ga Baban Ilham ita ce: yaushe za ka harba 6,000 a cikin ɗakin da ake busa maka ƙura? Kai da za ka harba ɗari ko ɗari biyu ran Asabar ka koma gida ka wanke?

Bazamfare:
Ku yi haƙuri, ni wannan hirar ta tsaya min a wuya. Jiya da dare na yi waya da ƙanena, a cikin gari suke kwana yanzu, gonarmu shekara uku ba a noma ta ba. AK ɗin da kuke yabon juriyarta ita ce a kafaɗar yaran da suka tashe mu. Sai in buɗe zaure in tarar 'yan uwana suna zaɓen bindiga kamar masu zaɓen shadda a Kantin Kwari. Me mutum zai yi da irin wannan a gidansa, a ƙasar da in ka buga waya 'yan sanda za su zo?

Baban Ilham:
Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa Bazamfare, Ya mayar da ku gonarku lafiya. Wallahi ban ɗauki maganarka da wasa ba, mahaifiyata 'yar Batsari ce, na san abin da kake faɗi. Ni ba don in tsare gida da ita nake nema ba. Kakana maharbi ne, da bindigar toka ya ciyar da gidansa, ina yaro nake riƙe masa gafakar albarushi. Da na zo nan na tarar farauta da harbin allo abu ne da doka ta tsara, da lasisi da lokaci da adadin dabbar da za ka kashe, sai raina ya koma can. Amma in hirar tana tayar maka da ciwo, sai mu kai ta gefe.

Bazamfare:
A'a, ku ci gaba, na faɗi abin da ke raina ne. Roƙona ɗaya, kada wani ya karanta wannan ya fara tunanin aikawa gida.

Barista (mai kula da zaure):
Wannan roƙon ya zo daidai, bari in ɗora a kai don kowa ya ji. Duk wanda ya cusa bindiga, ko harsashi, ko sassanta a cikin kwantena ko motar da zai aika gida ba da izinin gwamnati ba, ya aikata babban laifi a nan, ya kuma aikata a can. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma irin waɗannan bindigogi ba a hannun farar hula ta bar su ba. A zauren nan duk wanda ya kawo wannan zance zan cire shi.

Na biyu, ba kowa ne a cikinmu yake da damar saye ba. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye, kada ya yi gaban kansa sai ya ga lauya. Za ka cike fom 4473 a shago, a bincika sunanka. Ƙarya a fom ɗin laifi ne, saya wa wani da sunanka laifi ne, ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma yana iya jawo kora.

Na uku, jiha ta bambanta da jiha. Abin da Baban Ilham zai saya a Texas, a New York ko California ko Maryland akwai nau'o'in da aka hana, Illinois da Washington su ma sun hana sayar da yawancinsu tun 2023. In bututun bai kai inci 16 ba, ta shiga wata doka daban ta 1934 mai bukatar rajista ta musamman.

Maman Sadiq:
Baban Ilham, na karanta lissafinka, na ga bindiga, na ga madubi, ban ga sef ba. Ilham shekararta nawa? Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, shekara tara. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba, amma alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna a 2020 harbin bindiga ya wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan. Kuma fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka su ne suke kashe kansu. Gidajenmu na Hausawa ba sa rabuwa da baƙi, ran Asabar yara goma suna guje-guje daga ɗaki zuwa ɗaki. Ka fara cire kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli wanda ake ɗaurewa a bango ko a ƙasa, harsashi kuma a wani wurin daban. Abin da ya rage shi ne kuɗin bindigarka. Kuma ka zauna da Maman Ilham, in ba ta yarda ba a bari.

Baban Ilham:
Gaskiya kika faɗa Yaya. Shekararta shida, ƙaninta uku. Mun yi magana da uwarsu, sharaɗinta ke nan ita ma. Na cire dala 400 na sef, saura 1,600.

Barista (mai kula da zaure):
A Texas ma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Maharbin Ohio:
To ni ta ɓangaren barewa zan shigo, don na ga an bar shi a baya. Shekara bakwai ina farauta a nan. Barewa ba ruwanta da fistin, girman harsashi da inda ka sa shi su ne magana. Yawancin bindigogin da ake ta ambata 5.56 ne ko .223. A Texas doka ta yarda ka harbi barewa da shi, amma ƙaramin harsashi ne, in ba ka sa shi daidai bayan kafaɗa ba dabbar za ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba za ka gan ta ba. Ka azabtar da ita, ga nama ya zama mushe. A Virginia ba a yarda da shi ga barewa ba sam. A nan Ohio sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, irin .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019. A Pennsylvania kuwa ba a farautar barewa da raifal mai ɗora wa kanta harsashi.

In da gaske farautar ce a gabanka, akwai masu fistin da don ita aka yi su. Browning BAR ta farauta tun 1967 take kasuwa, ana samunta a .308 da .30-06, ga ta da jikin katako, ba wanda zai gan ka da ita ya tsorata. Benelli R1 ma haka. Amma ni da kaina mai sakatar hannu nake riƙewa, .308, kuɗinta bai kai rabin na waɗancan ba. A shekara bakwai ban taɓa bukatar harbi na biyu cikin gaggawa ba sai sau ɗaya. Ka yi bisimilla, ka saki ɗaya, ka je da wuƙarka, in ka tarar da sauran rai ka yanka.

Shawarata kada ka nemi bindiga ɗaya ta yi maka aiki biyu. Ta allo daban, ta daji daban.

Malam Direba:
Bari in ba da nawa labarin ko wani zai tsira da kuɗinsa. Wajen shekara goma da suka wuce, lokacin ana ta yayin fistin, na sayi kayan juyi na wani ƙaramin kamfani na saka wa AR ɗina. An cire bututun hayaƙi aka sa sanda. Wata uku na farko ina ta murna, in buɗe ta in ga sakata fes. Ran nan ina wankewa sai na ga garin alminiyum yana ƙyalli a cikin bututun baya, inda sifirin yake. Na haska fitila, sai ga ƙasan bakinsa ya cinye, kamar an goga da zarto. Mai gyara ya ce min sandar tana dukan gidan sakata ta sama ne, shi kuwa an tsara shi a tura shi ta tsakiya, sai gindinsa ya riƙa duƙawa yana kartar ƙasa. Bayan shekara biyu sandar ta karye. Na nemi kamfanin, ashe sun rufe. Ba sandar wani kamfani da ta shiga, kowa da tsawonsa da kaurinsa. Ƙarshe na mayar da ita yadda take tun asali, na biya kuɗin gyara sau biyu.

Abin da mutane ba sa lura da shi ke nan. AR ta gama-gari, sakatar wannan kamfani tana shiga ta wancan, ko a ƙauyen Oklahoma ka shiga shago za ka samu. Mai fistin kuwa ka auri kamfanin ne.

Injiniya Detroit:
Wannan duƙawar da Malam Direba ya faɗa sananniyar matsala ce a farkon zamanin, kamfanonin kirki sun magance ta da sake fasalin gindin gidan sakatar. Amma darasin yana nan: in za ka sayi mai fistin, ka sayi wadda tun daga zane aka yi ta da fistin, daga kamfanin da ya daɗe, kada ka yi juyi. Ruger ma, duk girmansa, ya fitar da SR-556 a 2009 daga baya ya daina yin ta.

Da 1,600 kuma ka cire MR556 ta HK da SCAR daga lissafi, kowace ta ninka kuɗinka. MCX ma ta wuce shi. Abin da hannunka zai kai: Mini-14 ta Ruger, wadda take kasuwa tun shekarun 1970, ko ta PWS da ake yi a Boise, jihar Idaho, mai doguwar tafiya irin ta AK a jikin AR, ko ta hannu daga LWRC in ka yi sa'a. Ka sani kuma mai fistin ta fi nauyi ta gaba, kuma a kuɗi ɗaya, ta gama-gari ta fi yawan tara harsasai wuri guda a allo, don ba abin da ke motsi a kan bututunta.

Baban Ilham:
Akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Ni bahago ne, a kafaɗar hagu nake ɗorawa. Duk sanda na harba ta abokina, bayan magazin biyu idona na dama yana ruwa, ina jin ɗacin hayaƙi a maƙogwaro, farar rigata kuma sai ta yi ɗigo-ɗigon baƙin mai. Na ɗauka haka kowa yake ji.

Ɗan Zangon Kumasi:
Kai, ai da wannan ya kamata ka fara! Ba haka kowa yake ji ba. A jikin gidan sakatar AR akwai 'yan huji a gefen dama, ta nan ragowar hayaƙin yake fita, ta tagar da kwanso ke faɗowa. Mu na dama fuskarmu tana ɗaya gefen. Kai kuwa hancinka yana bakin tagar. Muna da bahago a rukuninmu, kullum fuskarsa kamar ta mai gyaran janareta. In abokinka yana sa salansa, abin rage ƙarar harbi da ake ɗaurawa a bakin bututu, abin ya ninka.

Na janye rabin maganata. Ga wanda yake da dalili irin naka, fistin ba ado ba ne. Dalilansa na gaskiya uku ne a ganina: gajeren bututu, salansa, da mai harbi da hagu. Ka faɗa cikin ɗaya.

Injiniya Detroit:
Na yarda, da sharaɗi. Fistin zai rage, ba zai kawar ba, don wani hayaƙin ta ramin harsashi yake biyo kwanso ya fito, kowace iri ce. Akwai kuma kamfanonin da ke yin AR ta bahago, taga a hagu, Stag Arms sun daɗe da yin suna a kan haka. Sai dai ita ma sakatarta ta daban ce, ka ga an koma maganar Malam Direba. Kuma ka guji irin su Tavor da ake sa magazin a bayan kunama, sai in an juya maka ita zuwa hagu, in ba haka ba kwanso a haɓarka zai riƙa sauka.

Baba Saje:
Ɗana, kada ka saya da kunne. Tunda wurin naku ana haya, ka je ka ɗauki uku a rana ɗaya, harsashi iri ɗaya, allo iri ɗaya, nisa ɗaya. Ka sa farar riga. Ka sa tabarau da abin toshe kunne. Kafaɗarka da idonka za su gaya maka abin da mu ba za mu iya ba.

Maharbin Ohio:
Ka kuma duba abin da aka rubuta a jikin bututun. In .223 kawai aka sa, kada ka zuba mata 5.56, matsinsa ya fi yawa. In 5.56 ne ko .223 Wylde, duka biyun za ta ci.

Baban Ilham:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Sef ya iso tun ran Talata, mun ɗaure shi da ƙusoshi a cikin kabad, Maman Ilham ce ta zaɓi wurin.

Ran Asabar na yi yadda Baba ya ce. AR ta gama-gari, Mini-14, da wata PWS ta wani dattijo da muke haɗuwa a filin, ya ba ni aro. Kowace harsashi sittin, a yadi ɗari, a kan buhun yashi. Ta gama-gari ta fi tara su wuri guda, ba gardama, tafin hannuna ya rufe su duka da sauran wuri. Amma idona ya yi ja kamar kullum. Mini-14 ta yi min daɗin riƙo, ta tuna min da ta kakana, sai dai tana watsa kwanso da ƙarfi har layin maƙwabcina, kuma magazin ɗinta nata ne ita kaɗai. PWS ɗin ta ɗan fi nauyi a hannun gaba, bayan magazin na biyu na ji ɗumi ta cikin mariƙin, harsasan sun ɗan fi bazuwa kaɗan. Amma na gama sittin ban share ido ko sau ɗaya ba, rigar kuma ɗigo biyu kawai na gani a kafaɗa.

Ita zan saya, mai inci 16, .223 Wylde. Tana cin magazin ɗin AR na ko'ina, kunama da sauran kayan ƙasa duk na gama-gari ne. Madubi zan sa mai sauƙin kuɗi tukuna. Barewa kuma na bi maganar Maharbi, bana zan bi abokina in kalla in koyi fiɗa, baɗi in Allah Ya kai mu in sayi mai sakatar hannu .308.

Malam Direba:
Allah Ya sa alheri. Ran da za ka biya kuɗin, ka yi odar sakata ɗaya da 'yan ƙananan sassan fistin ɗin ka ajiye a sef tare da ita.

Bazamfare:
Allah Ya tsare ka da iyalinka. In ka samu naman baɗi a tuna da mu.

Baban Ilham:
Amin, cinya guda taka ce in sha Allah. Baba Saje, tambaya ta ƙarshe: shi fistin ɗin ana sa masa mai?

Baba Saje:
A'a. Kan fistin da ramin da yake shiga a bushe ake barinsu, zafin wurin yana ƙona mai ya zama kwalta. Ka kankare baƙin da buroshi, ka goge da tsumma. Man a kan sakata da hanyar da gidanta ke bi za ka sa, shi ma kaɗan. Kafin ka fara komai ka cire magazin, ka ja sakata baya, ka leƙa ramin da idonka, ka kuma sa yatsa ka taɓa.